Awon Gado

Shekara talatin da ɗaya ina jan motar 'yan makaranta
a titunan Kearney, cikin Nebraska,
hanya ɗaya, safe da yamma.
Ranar da na miƙa makulli na ce wa Wendell:
saura tamu hanyar.
Mu nemi gida mai taya.

Filin dillalan ya fi gonar masara faɗi.
Motocin kwana a jere, farare ƙal,
balan-balan ɗaure a madubi.
Wani saurayi, Royce, baki kamar gonar auduga,
ya riƙe hannuna har ya yi gumi.
Ya buɗe firji, ya rufe.
Ya kunna murhu, ya kashe.
Ya nuna mana banɗakin da in ka shiga
sai ka fito kafin ka juya.

Ni tocila kawai na zo da ita.
Wendell ya zo da tsawonsa,
ƙafa shida da inci huɗu.
An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima;
mijina bai yarda da ido ba.
Kowace mota sai ya tuɓe takalmi
ya miƙe a gado kamar taɓarya,
duga-dugansa na lilo a iska.
Royce ya ce, "Ai mutum lanƙwashewa yake in barci ya yi daɗi."
Wendell ya ce, "Gwiwata ta ƙarfe ce,
ba a gaya mata ba."

A jikin gilashi, dala dubu tamanin da tara.
A kan tebur sai farashin ya haihu:
kuɗin jigila, kuɗin wanki, kuɗin takarda,
da garantin da zai kare garanti.
"Ku biya a shekara ashirin," in ji shi.
Na ce yaro, shekarata sittin da bakwai,
wa kake so ya ƙarasa?
Sau uku yana tashi wai zai roƙi manaja.
Ta taga ina hangen su suna kurɓar kofi.
Na san wannan fuska.
Na sha ganinta a madubin motata,
fuskar yaron da ya manna cingam a ƙarƙashin kujera.

A Grand Island muka ga ta hannu.
An fesa mata turare har da na sayarwa.
Na haska kusurwar rufi, na danna da babban yatsa,
katako ya lotsa kamar burodi.
Dillalin ya dubi agogonsa.

Mako biyar.
Sai wata takarda a allon shagon wanki,
rubutun hannu mai rawa: Arlene Kowalke.
Motar na bayan rumbu, kalar ƙasa, ta sha rana.
Kafin in ciro tocila ta ce,
"Tagar hagu tana yoyo. Giya ta biyu sai da lallashi."
Na mayar da tocilar jaka.

Milton ne ya ƙera gadon da hannunsa, in ji ta,
dogo ne, duk na kanti sun yi masa kaɗan.
A bango akwai taswira da jan layi:
ya bar Nebraska, ya ratsa Wyoming, ya shiga Idaho,
ya tsaya nan, taƙi ɗaya kafin teku.

Wendell ya tuɓe takalmi.
Ya miƙe.
Har da rarar yatsa uku.
Kafin mu gama duba taya mun ji minshari.

Mu biyu muka tsaya a inuwar rumbu
muna ciniki ƙasa-ƙasa don kada mu tashe shi.
Na taya, ta ce albarka.
Na ƙara, ta yi shiru tana kallon safar mijina
ta ƙofar da ke buɗe.
Sannan ta sallama.

Ta miƙo makulli biyu
da jan biro.
Ta ce, "Ki gwada tukuna,
ƙila ya bushe."